Ka sayar masa da manhaja, to wa zai riƙa ɗaukar kwafin ajiya?

Da daminar bara, wata ranar Asabar da hantsi, wani Alhaji da nake yi wa aiki a kasuwar Sabon Gari ya kira ni. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, kwamfutar nan ta ƙi tashi, zo ka duba mana." Na hau Keke Napep daga Samaru ina zaton wata 'yar matsalar Windows ce. Da na isa na kunna ta, sai na ji faifan ajiyarta yana ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango. Duk wanda ya taɓa jin wannan ƙarar ya san abin da take nufi. Yaron shago ya ce da yammacin Juma'a an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi har sau biyu, tun daga nan kwamfutar ba ta sake nuna komai ba.

Alhaji kayan masarufi yake sayarwa a sari. Manhajar da ke cikin kwamfutar ni na rubuta masa ita da PHP da MySQL, ita ke riƙe lissafin kayan da ke sito, da cinikin kowace rana, da kuma abin da ya fi komai muhimmanci, wato bashin da yake bin masu ƙananan shaguna da ke zuwa daga Basawa da Giwa da Hunƙuyi su ɗauki kaya sai sun sayar su kawo kuɗi. Tun da aka saka manhajar ya daina rubutawa a babban littafinsa, domin ni da bakina na ce masa ba ya buƙatarsa kuma.

Na tambayi filash ɗin da muke ajiye kwafi a ciki. Aka lalubo shi a cikin durowa, ƙarƙashin tsofaffin rasitai. Kwafi na ƙarshe da ke ciki ya kai wata huɗu. A cikin manhajar na saka wani maɓalli mai suna "Ajiye kwafi", na nuna wa yaron shago, na ce ya riƙa dannawa kullum kafin a rufe. Ya danna na mako biyu, ya koma yana dannawa in ya tuna, daga baya ya manta gaba ɗaya. Mun kai faifan wurin masu gyara, ba a samo komai ba. Alhaji ya kwashe makonni yana bugo wa mutane waya ɗaya bayan ɗaya yana tambayar nawa ne a kansu. Masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya. Wasu kuwa suka ce ai sun riga sun biya, kuma babu takardar da za ta ƙaryata su.

Alhaji bai zage ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, da littafina ne, da sai dai gobara." Har yau wannan maganar ba ta bar ni ba, domin gaskiya ya faɗa. Na karɓe masa abin da ya shekara ashirin bai ci amanarsa ba, na ba shi abin da sauyin wuta na daƙiƙa ɗaya ya isa ya kashe.

Ra'ayina ke nan, kuma ga 'yan'uwana masu rubuta manhaja a Zariya nake nufi da shi: ɗaukar kwafin ajiya ba aikin mai shago ba ne, ba na yaronsa ba ne, ba kuma ƙarin hidima ba ne da za ka ce sai an biya daban za ka saka. Yana cikin manhajar kamar yadda birki yake cikin mota. Sannan bai halatta ya dogara da tunawar wani mutum ba. Na'ura ce za ta yi shi da kanta, a kan lokaci, ta kai shi wani wuri nesa da shagon, ta kuma yi ƙorafi ranar da ta kasa. Hanya mafi sauƙi da na samu ta yin haka, a matsayina na mutum ɗaya da ke kula da shaguna da dama, ita ce saka manhajar ɗaukar kwafin a cikin kwantenar Docker.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, ku tuna kwantenar da ake ɗauko kaya da ita daga Apapa. Jirgin ruwa da tirela ba ruwansu da abin da ke ciki, ko atamfa ce ko tayoyi, girmanta ɗaya, wurin kamata ɗaya. Docker, wanda ya fito a 2013, haka yake yi wa manhaja. Yana ƙulle ta tare da duk abubuwan da take buƙata don ta yi aiki, ta yadda in ta tashi a kwamfutata a Samaru, haka za ta tashi a ta Alhaji a Sabon Gari, ba sai na tsaya ina neman wane abu ne ya ɓace ko wane ne ya tsufa ba. Bayanin yadda kwantenonin za su tashi kuma yana cikin ɗan fayil guda na Docker Compose, wanda bai cika shafi ɗaya ba.

Tsarin da nake sakawa yanzu kwantena uku ne. Ɗaya manhajar shagon, ɗaya rumbun bayanai na MySQL, ta ukun kuma babu abin da take yi sai ɗaukar kwafi. A cikinta akwai restic, wata manhaja ta kyauta da kowa zai iya duba lambobinta, da ɗan rubutun umarni nawa da bai kai layi arba'in ba. Akwai wasu irinta, kamar BorgBackup da Duplicati, akwai ma kwantenar da aka riga aka haɗa mai suna docker-volume-backup wadda kawai za ka ba ta lokaci da wurin da za ta kai kwafin. Ba na jayayya da kowa a kan wacce ta fi. Na tsaya a kan restic saboda dalilai biyu da suka shafi aljihunmu kai tsaye. Tana kulle kwafin da kalmar sirri tun kafin ya bar kwamfutar. Sannan tana daddatsa bayanai gunduwa-gunduwa, ta aika gunduwar da ta canja kawai. Kwafin farko ne ke cin data. Na kullum da ke biyo baya, a shago irin na Alhaji, bai kai abin da yaron shago ke ƙonawa a TikTok kafin a kira azahar ba.

Sai dai wanda ya kwafo darasi daga YouTube ya manna shi yadda yake, zai sha mamaki a Zariya. Kusan duk darasin da za ka gani, cewa yake a saita kwafin ya tashi da ƙarfe biyu na dare, lokacin da babu mai amfani da kwamfutar. Masu rubuta waɗannan darussa suna zaune ne a inda saba ke kwana a kunne shekara da shekaru. A kasuwar Sabon Gari kuwa, ƙarfe biyun dare shago a rufe yake da kwaɗo uku, an kashe janareta tun magariba, kwamfutar tana barcinta. Kuma cron, tsohuwar manhajar nan ta Unix da ke tayar da ayyuka a kan lokaci, ba ta rama abin da ya wuce. In lokacin ya zo kwamfutar a kashe take, shi ke nan sai gobe, gobe ma haka. Za ka iya shekara kana alfahari da "tsarin kwafi mai sarrafa kansa" alhali ko sau ɗaya bai taɓa tashi ba.

Saboda haka ni ba na ba shi sa'a guda tilo. Rubutun umarnina yana farkawa duk bayan awa ɗaya, ya tambayi kansa ko an ɗauki kwafin yau. In an ɗauka ya koma barci, in ba a ɗauka ba ya ɗauka nan take. Sai kuma ya ƙara wani da misalin ƙarfe biyar na yamma, kafin a fara tattara kaya, don cinikin yini ya shiga. Wanda ke kan Linux kai tsaye zai iya samun irin wannan ramuwar da anacron ko agogon systemd, amma a cikin kwantena na ga wannan dabarar ta fi sauƙi. A kula da agogo ma. Yawancin kwantenoni da agogon UTC suke tashi, mu kuwa muna gaba da shi da awa ɗaya. In ba ka saka TZ=Africa/Lagos ba, ƙarfe biyar ɗinka za ta zama shida, lokacin da wataƙila an riga an zare filogi. Wannan ƙaramin kuskuren ya ci mini mako guda kafin na gano shi.

Ita kanta kwamfutar, na daina ɗora tsarin a kan wadda ake buga rasit da ita. Ina sa mai shago ya nemo tsohuwar laftof ta gwanjo, ko da allonta ya fashe, in saka mata Ubuntu ko Debian, a ajiye ta a kan kanta can sama inda hannu ba ya kaiwa. Batirinta shi ne kariyarta. In an ɗauke wuta ba ta mutuwa farat ɗaya, ta samu lokacin da za a tayar da janareta ko a juya zuwa inbata. A fayil ɗin Compose kuma ina saka restart: unless-stopped, don duk lokacin da ta tashi kwantenonin su tashi da kansu ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Ko da wuta ta yanke ana tsakiyar ɗaukar kwafi, restic ba ta lissafa kwafin da bai kammala ba, tsofaffin suna nan lafiya. Abin da takan bari shi ne wani ɗan makulli da ya maƙale, wanda umarnin restic unlock ke cirewa, shi ya sa na saka shi a farkon rubutun.

Kuskure na biyu da nake yawan gani wurin abokan sana'a shi ne kwafe foldar MySQL kai tsaye alhali rumbun yana aiki. Wannan kamar ɗaukar hoton littafi ne mai shi yana tsakiyar rubutu, rabin layi ya shiga, rabi bai shiga ba. Ranar da ka zo mayar da shi sai ya ƙi buɗewa. A fara fitar da bayanan da mysqldump, a haɗa da --single-transaction don a samu hoto ɗaya cikakke ba tare da an tsayar da ciniki ba, sannan a miƙa wa restic wannan fayil ɗin. Kada a matse shi da gzip kafin a miƙa mata, domin matsewar tana hargitsa gunduwoyin, sai ta ga kamar komai sabo ne ta sake aika shi duka. Ita ma ta iya matsewa da kanta. Foldar hotunan kaya da rasitai kuwa, a haɗa ta da kwantenar kwafi a matsayin ta karatu kawai, wato a ƙara :ro a ƙarshen layin, don ko rubutunka ya yi kuskure ba zai iya goge na asali ba.

Sai maganar inda kwafin zai je, wadda a ganina ta fi duk waɗannan. Akwai ƙa'idar da ake kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Mu da muke kasuwa ba sai an yi mana dogon bayani a kan na ƙarshen ba. Kowa ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna. Faifan da ke rataye a bayan kwamfuta tare suke ƙonewa, tare ɓarawo ke kwashe su, tare kuma bairos mai garkuwa da fayiloli ke kulle su, irin WannaCry da ya durƙusar da asibitocin Ingila a watan Mayun 2017. Kuma kada a ɗauka manyan kamfanoni sun tsira. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen saba na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu abokan cinikinsa suka wayi gari sun gano kwafin ajiyarsu ma a wurin yake.

Don haka a tsarina kwafi ɗaya yana zuwa faifan waje a cikin shago, saboda saurin mayarwa, ɗayan kuma yana hawa intanet. Backblaze B2 yana ba da gigabait 10 na farko kyauta, Google Drive kuma 15, wanda restic ke iya kaiwa gare shi ta hanyar rclone. Rumbun bayanan shagon sari na shekara da shekaru bai cika kusantar wannan ba, tunda yawancinsa rubutu ne da lambobi. Wannan ya raba mu da ciwon kan biyan dala da katin naira. Don kada wurin ya cika, umarnin restic forget yana riƙe na kwana bakwai na baya, da na mako huɗu, da na wata goma sha biyu, ya share saura. Amfanin tsofaffin kwafi ba sai faifai ya mutu ba. In a watan Yuli aka gano wani ya taɓa lissafin watan Afrilu, za a iya buɗe na Afrilu a kwatanta. Wannan ne ma bambancinsa da foldar da ke daidaita kanta da intanet, wadda in ka ɓata fayil, ɓataccen take haurawa da shi.

Kalmar sirrin restic fa, in ta ɓace, kwafin ya ɓace, babu kamfanin da za ka kira. Ina rubuta ta a takarda biyu. Ɗaya tana gidan mai shago a inda yake ajiye takardun filinsa, ɗaya tana wurina. Wasu abokaina suna riƙe ta su kaɗai don kada kwastoma ya gudu wurin wani. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Bayanan nasa ne, kuma ni mai mutuwa ne, mai iya yin tafiya ne, mai iya ɓatawa da shi ne. Kullewar ma ba ado ba ce. A cikin rumbun akwai sunaye da lambobin waya da basussukan mutane, kuma tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai riƙe irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Duk wannan da na lissafa zai iya zama a banza in ba a yi abu biyu ba, kuma labarin da ya fi nuna haka shi ne na GitLab, kamfanin da dubban masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyansu da ya gaji da aikin dare ya ba da umarnin gogewa a kan sabar da ba ita yake nufi ba. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 na babban rumbunsu sun tafi. Suna da hanyoyin kwafi har biyar, amma da aka je dubawa babu wadda take aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa a ɓoye, saboda manhajar fitar da kwafin ta PostgreSQL 9.2 ce alhali rumbun 9.6 ne, saƙonnin imel da ya kamata su sanar da faɗuwar kuma ba sa isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin abin ya faru, suka yi asarar bayanan waɗannan awanni shidan. Sun nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, sun kuma wallafa bayanin kuskurensu dalla-dalla, abin da ya sa nake girmama su.

A lura da saɓanin lamba tsakanin manhajar kwafi da rumbun. Irin wannan ne kwantena ke magancewa, domin a fayil ɗaya kake rubuta lambar kowacce, kana ganinsu kusa da juna, babu wadda za ta sabunta kanta a bayan idonka muddin ka rubuta takamaimiyar lamba maimakon latest. Amma darasin farko da na ɗauka daga GitLab shi ne kada ka jira saƙon da zai ce an kasa, domin kwamfutar da ta mutu ba ta aika saƙo. A juya abin. Duk lokacin da kwafi ya kammala, rubutuna yana taɓa wani adireshi a Healthchecks.io. In kwana biyu suka wuce bai taɓa ba, shafin ne zai aiko mini da saƙo a Telegram. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda babu wuta, irin wannan shirun ne zai gaya maka wane shago ne ya daina kunna janareta, wane ne kuma datarsa ta ƙare.

Darasi na biyu, a gwada mayarwa. Ranar Lahadin farko ta kowane wata nakan zaɓi shago ɗaya, in sauko da kwafinsa daga intanet zuwa laftof ɗina, in tayar da sababbin kwantenoni, in zuba bayanan, in buɗe manhajar in duba cinikin jiya. Sai in kira mai shagon in karanta masa jimillar, ya gaya mini ko ta yi daidai da kuɗin da ya ƙirga. A nan ne na ga ainihin ribar Docker. Da can, tayar da manhajar wani a sabuwar kwamfuta yini guda ne na saka XAMPP da neman saitunan da na manta. Yanzu umarni biyu ne da lokacin da saukarwar za ta ci.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha gaya mini a zaurukanmu na WhatsApp. Na farko, wai Docker ya yi nauyi. A kan Windows gaskiya ne. Docker Desktop yana dogara da WSL 2, kuma tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 za ta riƙa nishi. A kan Linux kuwa ba haka ba ne, laftof ɗin da ta shekara goma tana ɗaukar kwantenonin nan uku ba tare da ta yi zafi ba. Na biyu, wai ai ɗan rubutun umarni da Task Scheduler na Windows ma zai yi. Zai yi, kuma in shago ɗaya gare ka, yi hakan yau, ya fi babu nesa ba kusa ba. Amma ranar da suka zama shida, kowanne da irin Windows ɗinsa da irin hannun da ke taɓa shi, za ka gane dalilin da ya sa nake son abu iri ɗaya a ko'ina. Na uku shi ne wanda ya fi ƙarfi: wai ka kawo abin da in ka tafi babu mai iya gyarawa. Wannan damuwa ce ta gaske. Amsata ita ce takarda mai shafi ɗaya da nake haɗawa da kalmar sirrin, ɗauke da matakan mayarwa a jere, yadda duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya taɓa buɗe Linux zai iya bi. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 ba zai rasa irinsu ba.

Tunda na ambaci jami'a, ba kowa ne ke buƙatar kwantena ba. Ɗalibin da ke rubuta furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe, ya riƙa aika wa kansa kowane babi ta imel, ya kuma ajiye a Google Drive, ya wadatar. Abin da ba zai yi ba shi ne yawo da kwafi ɗaya tilo a filash daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan a Samaru, inda bairos ke mayar da folda gajeriyar hanya. Amma su masu shagunan buga takardun, waɗanda kwamfutocinsu ke cike da ayyukan mutane na shekaru, da makarantu masu zaman kansu da ke riƙe sakamakon jarrabawa, da shagunan magani, da masu POS da ke da rassa, waɗannan duk suna cikin maganata. Kuma yawancinsu wani ɗan'uwanmu ne ya saka musu manhajar ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Game da kuɗi, ba na rubuta "kwafin ajiya" a matsayin layi daban a takardar farashi, domin duk abin da ka ware, shi kwastoma zai fara cewa a cire. Yana cikin kuɗin aikin, datar da yake ci kuma tana cikin ɗan abin da ake biyana na kulawa duk wata. Wanda ya ce ba ya so, ina ba shi haƙuri ya nemi wani. Sau biyu na rasa aiki a kan haka, ɗaya har ya ce wanda ya samu ya fi ni arha da kusan rabi.

Shi Alhaji bai sallame ni ba, ko da yake ya isa. Na saka masa sabon tsarin ban karɓi ko sisi ba. Ya sayo sabon babban littafi, kuma har yau duk bashin da ya wuce wani adadi sai ya rubuta shi da hannunsa bayan an shigar a kwamfuta, ni kuma ban sake ce masa ya daina ba. Watan da ya wuce na kira shi ranar Lahadi na karanta masa cinikin Asabar daga ɗakina a Samaru. Ya yi shiru yana buɗe shafi, sai ya ce akwai bambancin naira dubu biyu. Muka bi layi-layi, ashe katan ɗin taliya ɗaya ne aka mayar da yamma, yaron shago ya rubuta a takarda bai shigar ba tukuna.